'Kurju' Da 'Sine Die': Yadda Kawuna Ya Fahimci Mai Gyaran Wuta, Ya Kasa Fahimtar Kotu

Shekaru uku da suka wuce, cikin tsakiyar hunturu, gobara ta tashi da dare a shagon wani kawuna da ke sayar da kayan masarufi a garin Ƙanƙara. Kafin jama'a su shawo kanta ta lashe rabin shagon, ta kuma tsallaka ta cinye kekunan ɗinki biyu da yadudduka a shagon telan da ke maƙwabtaka da shi. Allah Ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Na isa garin kwana biyu bayan haka domin jaje, na tarar da kawu tsaye cikin toka tare da wani mai gyaran wuta, mutumin Maraɗi da ya daɗe yana aikin wayarin da haɗa sola a ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Mutumin ya tono wasu wayoyi biyu da suka narke suka manne da juna, ya ɗaga su sama ya ce: "Alhaji, wanga kurju ne."

Kawu ya ce, "Mi ne ne kuma kurju?"

Mai gyara bai yi dogon bayani ba. Ya nuna masa inda ɓera ya ci robar wayar, ya nuna inda mai wuta ta taɓa 'yar uwarta, ya ce a nan kuran ya yanke hanya, maimakon ya bi ta ƙwai da firji ya yi aiki, sai ya koma inda ya fito a guje, zafi ya tashi, roba ta kama. Cikin minti biyu dattijon da bai taɓa zama a aji ba ya gane abin da ɗaliban kimiyya ke kwashe mako suna karantawa. Har yau idan fitila ta yi tartsatsi a gidansa, sai ka ji ya ce a kashe, kada ta yi kurju.

Ni kuwa da yake nazarin harshe ne abincina, kalmar ce ta tsaya mini a rai. Da na koma na bincika, sai na tarar asalinta Faransanci ne, amma ba na littafi ba, na bakin masu sana'a. A daidaitaccen Faransanci haɗewar wayoyi court-circuit ce, wato gajeruwar da'ira. Masu aikin lantarki kuwa suna yi wa wutar kanta laƙabi da jus, wato ruwan 'ya'yan itace ko romo, kalmar nan dai da ta zo mana ta hanyar Ingilishi muke cewa jus idan mun shiga kanti. Saboda haka suka taƙaita suka ce court-jus, kunnen Bahaushe ya ji kurju.

Abin da ya ba ni dariya, daga baya kuma ya hana ni barci, shi ne yadda kalmar take a rubuce. Duk lauyan Nijeriya da ya ga court-jus a takarda zai ɗauka maganar ofishinsa ake yi, domin court a Ingilishi ita ce kotu, jus kuwa a Latin ita ce doka ko haƙƙi. Latin na da kalmomi biyu masu wannan siffa, ɗaya romo, ɗaya doka. Ta romon ce ta gangaro ta zama wutar masu gyara. Ta dokar kuwa ita ta haifi judex, mai faɗin doka, wadda Faransawa suka mayar juge, Ingilishi ya ce judge, mu kuma muka ce joji. Kenan jus biyu ne suka iso ƙasar Katsina. Ɗaya ta shigo ta arewa a cikin jakar mai gyaran wuta, ɗaya ta shigo ta kudu a cikin baƙar rigar lauya. Kawuna ya haɗu da su duka biyun a cikin wata uku, kuma bambancin yadda suka karɓe shi ne dalilin wannan rubutu.

Ɗan telan nan, wanda ke aiki a birni, ya ɗauki lauya ya shigar da ƙara yana neman diyya. Sammaci ya zo. Na roƙi kawu ya bari mu nemo masa lauya, ya ce mini, "Kai ɗan nan, mai gaskiya mi zai yi da lauya? Wanda ya yi ƙara shi ke kawo shaidu, haka muka taso muka iske." A iya saninsa bai yi kuskure ba, domin ƙa'idar da ya ji daga malaman zaure kenan tun yana yaro: hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa.

Na raka shi zama na biyu. Lauyan mai ƙara ya miƙe ya yi jawabi da Turanci, a tsakiyar jawabin ya ce res ipsa loquitur, ya maimaita har sau uku. Ma'aikacin da aka sa ya yi tafinta, wanda ga alama ba aikinsa ba ne, ya tsallake wurin gaba ɗaya, ya ce wa kawu, "Baba, ya ce wutar daga shagonka ta tashi." Kawu ya gyaɗa kai, domin wannan ba abin musu ba ne.

To, mai karatu, ga abin da aka tsallake. Ma'anar jimlar ita ce abin da ya faru ya isa ya yi wa kansa magana. Ƙa'ida ce da ta yi fice a Ingila tun shari'ar Byrne da Boadle ta 1863, lokacin da gangar fulawa ta faɗo daga benen wani ɗan kasuwa a Libaful ta raunata mai wucewa, alƙalai suka ce ganga ba ta faɗowa haka kawai sai da sakaci, don haka mai bene ne zai yi bayanin yadda aka yi. Wato da waɗannan kalmomi uku lauya yake roƙon kotu ta juya akalar shari'ar, ta ce wanda shago ke hannunsa shi zai nuna bai yi sakaci ba. Nauyin da kawu yake jin yana wuyan abokin shari'arsa ana ƙoƙarin sauke shi a nasa wuyan, a gabansa, yana gyaɗa kai. An ce abu ya yi wa kansa magana, amma da harshen da mutum biyu ko uku kaɗai ke ji a cikin ɗakin.

A zama na huɗu, wanda ban samu halarta ba, aka ɗage shari'ar sine die domin jiran wani rahoto. Kawu ya tambayi wani a bakin ƙofa yaushe zai dawo, aka ce masa ba a sa rana ba. Ya dawo gida ya yanka rago ya yi sadaka, a zatonsa an kori ƙarar. Sai da na yi masa bayani ta waya cewa ba rana ba ya nufin ba shari'a, maganar tana nan rataye a kansa, ana iya tayar da ita kowane lokaci. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To su mi ya hana su faɗi haka nan?"

Wannan tambaya ta dattijo ita ce nake son mu tsaya a kanta, mu da Allah Ya ba ilimin zamani, musamman 'yan uwana lauyoyi da masu shari'a.

Da farko, kada a ɗauka ina yaƙi da baƙin kalmomi ne. Hausa ba ta taɓa ƙyamar baƙo ba. Dubi harshen shari'armu na asali: alƙali, hukunci, da'awa, shaida, diyya, ƙisasi, wasiyya, hul'i, shuf'a, duk Larabci ne. Dubi na zamanin Turawa: kotu, joji, lauya, sammaci, beli, waranti, afil, fursuna, har da shi kansa tafinta, duk Ingilishi ne da harshenmu ya tauna ya haɗiye. 'Yan uwanmu na Nijar sun yi wa Faransanci haka: kuran, lakwal, mushe, jandarma. Babu ma abin da ya kai labarin kuran daɗi, domin layin da ke kai wa Maraɗi da Damagaram lantarki daga Katsina ya tashi ya bi ta Gazawa, kuma shi ne aka katse a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, aka maido a 2024. Wutar ta tsallaka iyaka da sunan lantarki, ta dawo mana a bakin masu gyara da sunan kuran. Maraɗi kuwa, kowa ya sani, jinin Katsina ce, sarakunan Haɓe da suka bar birni bayan jihadi ne suka kafa ta, har gobe sarkinta Sarkin Katsina ake ce masa. Ko a siyasa, bayan zaɓen gwamnan Kano na 2019, ba a yi mako guda ba sai da inkwankulusib ta zama Hausa, har yara na tsokanar juna da ita, alhali ita ma jikar Latin ce.

Me ya sa waɗannan suka zauna, amma prima facie da ex parte da locus standi da sub judice suka shekara fiye da ɗari a ƙasar nan ba su koyi ko gaisuwa ba? Amsar a wurina ita ce hanyar shigowa. Kalma tana zama ta mutane ne idan an miƙa musu ita tare da abin da take nufi, suka kuma sami damar gwada ta a kan rayuwarsu. Larabcin shari'a ya shigo ta zaure, inda malami ke karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ko Muhtasar na Halil ko Tuhfa ta Ibn Asim, yana faɗin kalma yana fassara ta da Hausa, ɗalibai na amsawa, masu wucewa na tsinta. Ɗaruruwan shekaru ana haka, shi ya sa tsohuwa a Sabuwa ta san hul'i ba tare da ta san harafi ɗaya ba. Kurju ta shigo da waya a hannu. Inkwankulusib ta shigo da takaicin da kowa ya ɗanɗana. Latin na kotu kuwa daga bakin lauya yake tashi ya faɗa kunnen mai shari'a, ya bi ta saman kan mutumin da ake magana a kan gonarsa ko 'yancinsa. Ba a taɓa nufin ya ji ba, shi ya sa bai ji ba.

Abin mamaki, masu kayan sun daɗe da gane illar abin. A Faransa, tun 1539 Sarki Faransuwa na Ɗaya ya kafa dokar Villers-Cotterêts, wadda ta kori Latin daga takardun shari'a ta ce a rubuta da Faransanci domin kada a sami ruɗani. A Ingila, inda mamayar Normandawa ta 1066 ta bar musu gadon shari'a da Faransanci da Latin, majalisa ta yi doka a 1362 cewa a riƙa muhawara a kotu da Ingilishi, kuma dalilin da ta bayar shi ne mutane ba su san abin da ake faɗa a kansu ba. A 1730 aka sake wata dokar da ta wajabta Ingilishi har a rubuce. A watan Afrilun 1999 kuma, bayan gyare-gyaren Lod Woolf, sabbin ƙa'idojin shari'ar madaniyya na Ingila suka ajiye kalmomi irin su ex parte suka maye gurbinsu da Turancin da direban tasi ke ji. Mu da muka karɓi dokokinsu kamar yadda suke a ranar 1 ga Janairun 1900, mu ne muka fi su riƙo da tsohuwar rigar. Mai kaya ya sauke, ɗan dako ya ce shi bai gaji ba. Kuma nasu mutanen katanga ɗaya suke tsallakawa. Namu katanga biyu ce: Turanci tukuna, sannan Latin a cikin Turancin.

Kada kuma a ce doka ba ta yi tanadi ba. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, a kuma gurfanar da shi cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Sashe na 36 ya ba wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin a bayyana masa tuhumar dalla-dalla da harshensa, da haƙƙin samun tafinta kyauta. Sai dai wannan tanadi na tafinta na shari'ar laifi ne, irin ƙarar da aka kai kawuna ba ta shiga ciki ba. Ko a inda ya shafa, me ake kira tafinta? Sau da yawa duk wanda aka gani kusa ne, masinja ko magatakarda, mutumin kirki mai jin Hausa da Turanci, amma wanda ba a taɓa koya masa fassarar shari'a ko ta yini ɗaya ba. Idan ya ci karo da abin da bai sani ba, ba zai ce bai sani ba a gaban mai shari'a, tsallakewa zai yi.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a yankinmu. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda ke mazaɓa ɗaya ta Majalisar Wakilai, suna cikin wuraren da matsalar 'yan bindiga ta fi yi wa illa. Duniya ta san sunan Ƙanƙara ne a watan Disambar 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin. Inda tsaro ya taɓarɓare kame yana yawa, zargi yana yawa, rikicin gonakin da aka gudu aka bari yana yawa. A ranar da na raka kawu, na zauna a baranda kusa da wata dattijuwa daga wajen Sabuwa, wadda ɗanta ya shafe watanni a tsare ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. Ta ce an gaya mata ana duba ko akwai firama fashi a kansa, ita kuwa ta rantse ɗanta bai taɓa fashi ba. Prima facie aka ce, wato ko akwai hujjar da a kallon farko ta isa a gurfanar da shi. Watanni tana kuka a kan kalmar da kunnenta ya ƙera mata. Ba wanda ya gaya mata akwai abin da ake kira habeas corpus, umarnin da ke tilasta a fito da wanda ke tsare a gaban alƙali a faɗi dalilin tsare shi, ko cewa akwai ƙa'idojin 2009 na neman haƙƙin ɗan Adam a babbar kotu. Haƙƙin da mutum bai san sunansa ba, yaya zai nema? A ƙasar da kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yari jiran shari'a suke yi, wannan tambaya ba ta ajin nahawu ba ce.

A can gefe kuma wani manomi ne daga ƙasar Faskari riƙe da takardar da ta hana shi shiga gonar da ya ce ta gado ce. An bayar da umarnin ex parte, wato bisa jin ɓangare ɗaya, na wucin gadi, kuma yana da damar ya zo ya nemi a janye. Shi kuwa ya ɗauka an gama, an ƙwace gonar ba a ko kira shi ba. Kalaman da na ji yana furtawa ba na mai niyyar komawa kotu ba ne.

A nan ne na tuna da bayanin mutumin Maraɗi. Wuta idan ta sami gajeruwar hanya ba ta bi ta ƙwai, kuma ƙarshenta gobara. Mutumin da ya fita daga kotu bai gane abin da aka yi masa ba, ba ya cewa harshe ne ya gagare shi, cewa yake an sayar da shi. Gobe idan aka taɓa shi ba zai nufi kotu ba, gajeruwar hanya zai nema, kuma mun ga irin tokar da gajerun hanyoyi suka bari a ƙauyukanmu.

Na san abin da abokaina lauyoyi za su ce, domin mun sha yin muhawarar. Za su ce waɗannan kalmomi ma'aunai ne da aka daɗe ana gogewa, kowace tana ɗauke da tarin hukunce-hukunce, fassara za ta zubar da wani abu. Akwai gaskiya a ciki. Likita ma yana da kalmominsa, kuma ban ce a hana masana magana da juna ba. Amma likitan kirki idan ya gama da abokin aikinsa yakan juyo ga majiyyaci ya ce, Baba, ga abin da ke damunka. Zancen cewa Hausa ba za ta iya ɗauka ba kuwa, ban karɓa ba. Audi alteram partem, wato a saurari ɗaya ɓangaren, me ta fi i'izari, tambayar nan da alƙalin Musulunci ke yi wa mai shari'a kafin ya yanke hukunci, ko yana da sauran magana? Nolle prosequi ai janye tuhuma ce daga Babban Lauyan Gwamnati, ikon da sashe na 211 ya ba na jiha. Locus standi hurumin kai ƙara ne. Alibi, ba na wurin. Bona fide, da kyakkyawar niyya. Sub judice, magana tana gaban alƙali. Wanne ne a ciki ya fi ƙarfin harshen da ya ɗauki rabon gado na Malikiyya da duk lissafinsa?

Ba daga sifiri za a fara ba. A 1991 hukumar binciken ilimi ta ƙasa ta fitar da ƙamus na kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu, har da Hausa, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ayo Bamgbose. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta daɗe tana aikin ƙirƙirar kalmomi. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina tana da masana shari'a da masana Hausa a harabar guda. Abin da ya rage a haɗa su.

Shawarata uku ce. Ta farko, ɓangaren shari'a na jiha ya mayar da tafinta sana'a mai zaman kanta, da horo da jarrabawa da matakin albashi, a daina ɗora ta a kan duk wanda ya gifta. Ta biyu, a zauna da alƙalai da lauyoyi da malaman fiƙihu da mu masu nazarin harshe a fitar da ɗan ƙaramin littafi na kalmomin da aka fi amfani da su, a ajiye a kowace kotu, a kuma karanta shi a gidajen rediyo, domin rediyo ce zauren wannan zamani. Ta uku ba ta buƙatar ko kwabo: duk mai shari'a, kafin ya tashi, ya juya ga masu shari'ar da ke gabansa ya gaya musu da Hausa abin da aka yi yau, abin da ya rage, da abin da ake so su yi. Na san akwai masu yin haka, Allah Ya saka musu. A mayar da shi ƙa'ida, kada ya tsaya a halin kirki na mutum ɗaya.

Maganar kawu kuwa, a zauren mai unguwa ta ƙare. Dattawa suka kira shi da telan, suka kira mai gyaran wuta. Ya zo da wayoyin nan biyu, ya kuma zo da abu na uku da bai nuna mana ba a ranar farko saboda kunyar Alhaji: fis ɗin shagon, wanda yaron kawu ya gaji da ƙonewarsa ya ɗaure shi da jan ƙarfe mai kauri. Ya bayyana cewa fis an yi shi siriri ne da gangan domin ya narke ya yanke wuta kafin waya ta ɗau zafi, wanda ya ɗaure shi da ƙarfe ya cire mai gadi daga ƙofa. Kawu ya juya abin a hannunsa, ya ce, "Ashe da laifinmu." Ya biya kuɗin keke ɗaya da rabin yadudduka, telan ya yafe sauran, ɗansa ya je ya janye ƙarar.

Abin lura, hukuncin da aka cim ma a zaure bai yi nisa da wanda lauya ya nema da Latin ɗinsa ba. Lauyan yana da gaskiya tun farko. Bambancin kawai shi ne a zaure an nuna wa dattijo gaskiyar ya gan ta da idonsa, ya biya yana mai yarda, har yau kuma shi da telan sahu ɗaya suke sallar Asuba. Da kotu ce ta yanke masa adadin nan cikin harshen da bai ji ba, da zai biya, amma da zai mutu yana cewa an zalunce shi.

Allah Ya ba shugabanninmu da masu shari'armu ikon duba wannan lamari, Ya kuma maido mana da zaman lafiya a Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da sauran ƙasarmu baki ɗaya, amin.